Teburin Zomo

Sau uku Malam Dogo yana turo manyansa gidan Kafinta neman auren Auta. Sau uku ana shimfiɗa musu tabarma, a ba su ruwa mai sanyi, a rako su har bakin ƙofa da amsa guda: "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kun dai san wannan addu'a. Ba a taɓa yi wa mutum ita ya koma gida yana murmushi ba.

Auta kuwa ba ƙaramar yarinya ba ce. Shekararta ashirin da huɗu, tana da kekenta na ɗinki a ɗakin ƙofar gida, kuma rabin matan layin hannunta suke sawa. Tana aji huɗu ta bar karatu, lokacin da Inna ta yi doguwar jinya. Shekara shida tana zaune, sai bara ta koma makarantar nan ta bayan tashar mota, wadda ke karɓar duk wanda ya ajiye karatu, ko da goyo ko da furfura.

Masu bakin tsiya suna kiranta makarantar kwantai.

A can ta haɗu da Malam Dogo, malamin kimiyya, ɗan Shugabar makarantar. Mutum ne da wandonsa bai taɓa gaisawa da idon sawunsa ba, in ya hau kekensa gwiwoyinsa na neman haɓarsa. Amma in yana bayani a gaban allo, har ƙadangarun taga tsayawa suke su saurara. Ita dai Auta ta saurara har abin ya wuce kimiyya.

Hujjar Kafinta ɗaya ce kullum.

"Makarantar da rufinta ke yoyo, gobe ko jibi a garƙame ta. In an garƙame, alli za ki dafa ko allo?"

Ga kuma Mai Ƙamshi, mai kantin fenti da katako, wanda turarensa ke riga shi shiga layi da minti biyar. Yana da mota, yana da tumbi, yana kiran Kafinta "Baba" da irin muryar da ake kiran kaza in za a kama ta. Kafinta bai ce ya ba shi Auta ba, amma kullum da safe yana matsa masa wuri a benci.

Maganar garƙamewar kuma ba sharri ba ce. Masu duba makarantu sun zo, sun leƙa azuzuwa shida, sun sami ɗalibai talatin da ɗaya. Suka ce in sabon zango ya kama ba su cika sittin ba, za su zo da kwaɗo.

Makaranta ba ta da halin talla a rediyo, ba ta da allon bakin titi. Abin da take da shi tsofaffin tebura ne cike da ɗakin ajiya, kowanne da lambarsa da farin fenti, da tsofaffin rajistoci da Shugaba ta hana ɓera da gara su taɓa. Sai su buɗe rajista, su ga wanda ya daina zuwa da lambar teburinsa, su ɗora teburin a amalanke, su kai shi har ƙofar gidan mutum su ajiye, da 'yar takarda a kai: "Wurinka yana nan."

Haka aka kamo Auta bara. Ta fito zubar da shara ta ga teburinta, da tabon tawadar da ta zubar tun tana aji biyu. Ta zauna a kai ta yi kuka, washegari ta ɗauki jaka.

To, ran Asabar ɗin nan ita da Malam Dogo da wasu ɗalibai suna ɗakin ajiya suna kaɗe ƙura, sai ta buɗe wata rajista da takardunta suka koma kalar shayi. Idonta ya faɗa kan sunan Babanta da na kakanta, ɓaro-ɓaro. Aji uku, tebur na goma sha bakwai. Ya daina zuwa a tsakiyar zango, shekara arba'in da suka wuce.

"Malam, zo ka gani."

Ya sunkuyo, ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Ba Baba ne ke cewa ko hanyar makarantar nan bai sani ba?"

"Shi ne fa."

Suka nemo teburin. Ba ya cikin tulin sauran. Yana can lungu shi kaɗai, an lulluɓe shi da tsohon labule. Da Auta ta tsaya ta tambayi kanta wa ya lulluɓe shi, kuma don me, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma mai so ba ya tsayawa tambayar labule.

"Gobe mu kai masa," in ji ta.

"Mu jira Mama ta dawo daga ofishin ilimi tukuna."

"Ni na san Babana. Zuciyarsa kamar ƙwai take, ɓawon ne kawai mai tauri. In ya ga teburinsa kuka zai yi kamar yadda na yi. Daga nan ya so makaranta, in ya so makaranta..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ja gyale ta rufe baki. Malam Dogo ya yi murmushi har kunne. Mutum mai ilimin kimiyya, amma nan take ilimin ya tafi hutu.

*

Shagon Kafinta na manne da gidansa, rumfar kwano ce da garin katako har idon sawu. Da hantsi majalisa ta cika. Mai Faci na nan, tsohon da suka tashi tare da Kafinta. Mai shayi na nan, wanzami na nan, Mai Ƙamshi ya baje a benci yana kaɗa makullin mota.

Kafinta na auna ƙofa, hularsa ta sauko ta rufe kunnuwa kamar kullum. Ko zafi na narka kwalta, ba wanda ya taɓa ganin kunnen Kafinta a layin nan.

Sai ga amalanke, Malam Dogo na turawa. Auta ta laɓe a bayan labulen ɗakin ɗinkinta.

Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida kowa, ya sauke tebur a gaban rumfa.

"Baba, makaranta ce ta aiko ni. Wurinka yana nan."

Kafinta ya dubi lambar. Fensirin da ke hannunsa ya faɗi cikin garin katako, bai sunkuya ya ɗauka ba.

Auta ta ce a ranta, kukan ya taho.

Mai Ƙamshi ya miƙe yana dariya.

"Ikon Allah. Yanzu kwantan har gida ake bi da shi? Malam, wannan ai ko itacen girki ba zai yi ba." Ya ɗaga murfin teburin da yatsa biyu. "Af, har da rubutu. Bari in karanta muku, ni da na gama tawa makarantar."

"Rufe," in ji Kafinta, can ƙasa-ƙasa.

Mai Ƙamshi bai ji ba. Mai son burge suruki kunnensa toshewa yake. Ya gyara murya.

"Zomo yana son Mai Wushirya har abada. Ga ma zomon an sassaƙa, da kunnuwa kamar faifai."



Mai Faci ya dubi tebur, ya dubi hular Kafinta, ya sake duban tebur. Shayi ya sarƙe shi.

"Zomo," in ji shi yana tari. "Wallahi na manta da sunan nan. Zomo."

Idon kowa ya koma kan hula. Ita kuwa Mai Wushirya ba sai an yi bayani ba, don duk garin an san wushiryar Shugabar makaranta, in ta yi murmushi daga bakin tasha ake hangowa. Malam Dogo ya tsaya sororo, yau ya ga sunan uwarsa na yarinta a cikin murfin tebur.

Mai shayi ya kau da kai. Wanzami ya shiga neman abin da bai ɓata ba a jakarsa. Mai Ƙamshi kaɗai ya saki dariya, yana dukan cinya, yana nuna hula da makullin mota, har da share hawaye.

Kafinta ya dube shi sau ɗaya, kallon da kafinta ke yi wa katakon da gara ta ci. Sannan ya juya ga Malam Dogo.

"Ɗauki amalankenka. Kada in ƙara ganin ko inuwarka a layin nan, kai da manyanka."

*

Auta ta faɗa ɗakin Inna ta kife kai a cinyarta.

"Na kashe kaina, Inna. Garin gyaran gira na tsokane ido. Ni na ce a kawo, ni na matsa masa."

Ta ji cinyar na rawa. Ta ɗago a firgice, ta zaci ciwon Inna ne ya tashi. Ashe dariya ce, Inna ta toshe baki da gefen zani kada ta fita waje.

"Inna, dariya kike ana yanka ni?"

"Yi haƙuri, Autata. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da maganar nan ni kaɗai, ta kusa fasa min ciki."

"Kin sani?"

"Satin farko na aurenmu ya gaya min, ranar da na fara ganinsa ba hula. Yana aji uku ya sassaƙa abin nan da ƙusa. Malaminsu ya kama shi, ya tsayar da shi a gaban aji, ya cire masa hula, ya ce ya karanta da ƙarfi sau uku. Aji ya kwashe da dariya. Ita ma yarinyar ta yi. Ta taga ya fita, bai sake komawa ba."

Auta ta share ido.

"Ke ba ki jin haushi?"

"Haushin me? Ita katako ta samu. Ni na samu Zomon da kunnuwansa duka biyu."

"To ai ba talaucin Malam ne ya dame shi ba ke nan."

"Wane talauci? Babanki da ya aure ni da guduma ɗaya da zarto na aro? Zama gaban uwar yaron nan a matsayin suruki, shi ne ba zai iya ba. Zomo ai ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Malamin ya daɗe da mutuwa, ita ce ta rage." Ta tura ta da gwiwa. "Tashi ki kai masa ruwa. In ya kore ki ki tsaya, in ya yi shiru ki zauna."

Bayan la'asar ce, majalisa ta watse. Kafinta na zaune shi kaɗai, teburin a gabansa, abin kankare katako a hannunsa. Murfin a buɗe, ko ƙwarzane ɗaya bai yi ba.

Ta durƙusa ta ajiye kofi.

"Baba, ni ce. Ba laifin Malam ba ne."

"Na sani. Shi wannan dogon banzan ina ya ga wayon da zai shirya irin wannan ɓarna."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Na zaci za ka ji daɗi, Baba. Ni da na ga nawa, ji na yi kamar an ce min ban mutu ba. Wallahi ban buɗe murfin ba."

Ya yi shiru. Ta tuna maganar Inna, ta zauna a kan guntun katako.

"Kin san abin da ake ji, yara hamsin suna yi maka dariya?" in ji shi, bai dube ta ba. "Na yi ƙofofin rabin garin nan. Na aurar da 'ya'ya huɗu. Har yau in na ji dariya a bayana, hula nake taɓawa."

"Na sani, Baba. Ranar da na koma, kusa da yarinyar da na taɓa goyawa aka zaunar da ni. Aka ce in karanta, harshena ya sarƙe. Na runtse ido ina jiran dariya."

"Suka yi."

"Ko mutum ɗaya. A makarantar nan doka ɗaya ce, an rubuta ta a saman kowace ƙofa: A nan ba a yi wa kowa dariya. Shugaba ce ta kafa ta tun ranar da ta karɓi makarantar. In ka makara ta yafe, in ka zo da goyo ta karɓa ta riƙe maka. Amma akwai malamin da ya tsayar da wani direba a gaban aji don a yi masa dariya, ranar ya bar aiki."

Kafinta ya ɗago kai a hankali.

"Kuma teburin nan, Baba, ba cikin tuli muka same shi ba. Shi kaɗai yake a lungu, an lulluɓe shi da labule."

Ya ɗora hannu a kan teburin, teburin ya yi ƙwas, ya karkata. Ya sake dannawa, ya sake karkata. Fuskarsa ta canza. Duk abin da Kafinta zai iya jurewa a duniya, ban da tebur mai rawa.

"Shiga gida," in ji shi. "Miƙo min gam kafin ki tafi."

"Baba, maganar Malam fa?"

"Na ce gam."

*

Ran Litinin da safe Auta ta fito da jakarta, idanu a kumbure. Sai ta ga Babanta ya ari amalanken mai ruwa, ya ɗaure tebur a kai, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Inna na bayansa da mayafi, fuskarta kamar ba ta san komai ba.

Motar Mai Ƙamshi ta tsaya.

"Baba, ai da ka bari na sa a jefar da shi a bola."

"Matsa min," in ji Kafinta. "Turarenka na sa ni atishawa. Shekara biyu ina daurewa."

Ya tura amalanke. Mai Faci ya rufe rumfarsa ya bi baya, wai rakiya. Wanzami ya biyo, mai shayi ya bar wa matarsa tukunya. Matan layi suka ji Zomo zai je gaban Mai Wushirya, wace ce za ta zauna a ba ta labari? Kafin a kai tasha an zama ayari, har da 'yan kamasho da masu sayar da ruwa, rabinsu ba su san inda za a je ba.

Shugaba na tsaye a bakin ƙofa da ƙararrawa a hannu, tabarau a karan hanci. Malam Dogo na bayanta, ya rame a kwana ɗaya. Ta dubi ayari, ta dubi tebur, ta dubi mai turawa.

"Lamba goma sha bakwai," in ji ta. "Ka makara."

"Hanya ce ba kyau."

"Shekara arba'in?"

"Ke kuma haka ake ajiye kaya? Ƙafar teburin nan ta kusa cirewa."

"Akwai arba'in irinsa a ɗakin ajiya. Ba mu da kafinta."

"Zan duba su."

Ta ajiye ƙararrawar a kan dakali. Muryarta ta sauka, amma da yake kowa ya kasa kunne, ba abin da ya wuce mutane.

"Na yi dariya ranar nan. Ba zan ce ban yi ba. Kowa na yi, na ji tsoron in ban yi ba a ce ina sonka. Washegari na zo da niyyar ba ka haƙuri, na tarar da tebur ba kowa. Ka yafe min."

Kafinta ya dubi ƙasa, ya dubi rubutun da ke saman ƙofa. Bakinsa na motsi yana karantawa.

"Yarinta ce," in ji shi. "Na yafe."

Ya kwance igiya, ya sauke tebur. Shugaba ta ɗaga murfin, ta gyara tabarau. Zomo na nan da kunnuwansa, tsohon rubutu na nan. A ƙarƙashinsa kuma ga sabon layi, katakon fari tas, sassaƙar jiya: "Amma uwar Auta ya aura."

Inna ta gyara mayafi tana kallon sama.

"Ni na riƙe masa murfin," in ji ta.

Wushiryar Shugaba ta leƙo, ta yi sauri ta mayar da ita. Ta juya ga ayari.

"Ku kuma da kuka zo kallo, wa ya gama makaranta a cikinku?"

Aka fara kallon juna. Mai Faci ya yi gyaran murya.

"Ni lamba ashirin da biyu ne. In yana nan."

"Yana nan."

"Ni ban taɓa yi a nan ba," in ji wata mai sayar da ruwa. "Aji biyu na tsaya, a wani gari."

"Tebur ba ya tambayar gari. Dogo, kawo rajista."

Mutum goma sha tara aka rubuta a safiyar nan. Saura goma a cika sittin, ga sati uku a gaba, ga kuma labarin Zomo ya riga ya shiga kowace mota a tasha.

Auta dai ba lissafin ɗalibai take ba. Tana tsaye jikin ginshiƙi tana murza hannun jaka, tana kallon Babanta. Ya ɗauki teburinsa da kansa ya nufi aji uku. A bakin ƙofa ya tsaya, ya sake duban dokar, ya kai hannu ya cire hula.

Jama'a, kunnuwa ne. Allah ya yi halitta a wurin, rana har ratsa su take.

Ba wanda ya yi dariya. Mai Faci ya ciji leɓe har jijiyar wuyansa ta tashi. Malam Dogo ya kafa ido a rajista kamar zai huda ta.

"Kai, Dogo."

"Na'am, Baba."

"Manyan nan naka, ƙafafunsu sun gaji ne?"

"A'a, Baba. Ko yanzu ka ce..."

"Yanzu ina da aji. Ka ce su zo ran Asabar. Kuma ka bar Auta ta auna ka, ba zan ba da 'yata ga mutumin da wandonsa ke gudun ƙasa ba."

Ya shige, ya ajiye tebur a layin gaba, ya danna shi da hannu. Bai motsa ba. Ya zauna.

Auta ta ji abu ya taso mata tun daga ciki, ga daɗi, ga kuka, ga kunnuwan Baba sun tokare hasken taga. Ta toshe baki da gyale, ta ja hannun Inna, suka fita da sauri har bayan katanga, inda doka ba ta kai ba.

A can suka tarar da Shugaba ta riga su, ta dafa bango, tabarau a hannu.